Marvel ko DC, wanne zan zuba wa ƙanina a memori?

Ƙanina ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe a sakandare, yanzu zaman jiran sakamako yake, da safe ya je shago ya taya Baba, in la'asar ta yi ya dawo ba abin yi. Toh ranar nan ina tsugune ina wanke babur sai ga shi ya miƙo min memori ɗinsa mai giga 32 ya ce "Yaya, don Allah gobe in za ka shiga gari ka zubo min fina-finan jaruman nan masu tashi sama, amma ni ban san daga ina ake farawa ba, abokaina wasu Marvel suke cewa wasu DC, har musu suke yi kamar za su dambace." Na ce ya ba ni zuwa dare. Wallahi tambayar ta fi yadda na ɗauka nauyi, don na haura shekara goma ina kallon ɓangarorin nan biyu amma ban taɓa zama na auna su saboda wanda bai san komai a kai ba, wanda memori ɗaya gare shi kuma kuɗin datarsa ba su taka kara sun karya ba. Abin da na faɗa masa da daren shi nake so in baje a nan, ƙila akwai mai irin tambayarsa.

Su dai biyun nan asalinsu kamfanonin littattafan zane ne a Amurka. DC ce babba a shekaru, ita ke da Superman da ya fito a 1938 da Batman da ya biyo a 1939, kuma fina-finanta a hannun Warner Bros suke. Marvel kuwa yawancin jarumanta da muka sani, su Spider-Man da Iron Man da Hulk da Thor, a shekarun 1960 aka ƙirƙiro su zamanin Stan Lee, sannan a 2009 Disney ta saye kamfanin kan kuɗi wajen dala biliyan 4. Wannan kenan. Amma bambancin da zai shafe ka kai mai kallo ba a nan yake ba.

Ni yadda na fahimci abin, Marvel adashi ne. Zubi ake yi, fim bayan fim, kowanne ka kalla ka zuba wani abu, wani zubin da daɗi wani kuma dole ce kawai ta sa, sai can ranar kwasa ta zo ka ga amfanin haƙurinka. Sun fara da Iron Man a 2008, Robert Downey Jr ne jarumin, a lokacin ma mutane da yawa sun ɗauka tauraronsa ya riga ya dushe saboda matsalolin da ya sha a baya, sai ga fim ɗin ya tashi da shi. Wani mutum mai suna Kevin Feige shi ne uban tafiyar, shi ya riƙe zaren tun daga farko, ya sa manyan jaruman kowa ya yi nasa fim ɗin shi kaɗai sannan a 2012 aka tara su a The Avengers, fim ɗin ya kawo sama da dala biliyan 1.5. Daga nan aka ci gaba da saƙa labarin wasu duwatsu guda shida da wani bos mai suna Thanos yake nema, ana nuna maka shi kaɗan-kaɗan a ƙarshen fim bayan an gama jera sunaye, har aka zo Infinity War a 2018 da Endgame a 2019. Endgame ɗin nan shi ne fim na 22 a jerin, awa uku ne cur, kuma ya tara kusan dala biliyan 2.8. Ranar da na kalle shi akwai wurin da na ji tsigar jikina ta tashi har na ajiye wayar na miƙe tsaye a ɗaki ni kaɗai, ba zan faɗi wurin ba kar in ɓata wa wani, amma ka sani abin da ya sa na ji hakan shi ne shekara goma sha ɗaya da na yi da mutanen nan. Wani abokina da ya fara da Endgame kai tsaye don ya ji ana ta zancensa, ya ce min shi bai ga komai ba sai hayaniya da mutane masu kala-kala suna gudu. Gaskiyarsa ne. Bai yi zubi ba ya zo ranar kwasa.

Toh ka ga tsadar kenan. Idan ka ce duk za ka bi, kana maganar wajen awa 50 na kallo, kuma in kowane fim ya ci maka kusan giga ɗaya a hoto mai ɗan kyau, memorin ƙanina ya kusa cika tun ba a je ko'ina ba. Sai dai ba dole ne a kalli duka ba, wannan masu son Marvel ba sa son a faɗa amma haka ne. Thor na biyu da Iron Man na biyu da Hulk na 2008 za ka iya tsallake su ba abin da zai same ka. Da fim goma zuwa sha ɗaya za ka isa Endgame ka fahimci komai, matuƙar akwai Iron Man na farko da Captain America na farko da The Avengers da Winter Soldier da Guardians of the Galaxy da Civil War da Doctor Strange da Ragnarok da Black Panther a ciki kafin manyan biyun. Winter Soldier na 2014 ma ni a wurina shi ne gwanin gwanaye a gidan Marvel, don faɗan cikinsa na hannu da hannu ne kana jin saukar naushi, kuma labarin leƙen asiri ne na wa za ka yarda da shi a cikin gwamnatin da kake yi wa aiki, ba wai dodo ya faɗo daga sama ba.

Sai Black Panther, wannan dole in tsaya a kansa. A falo muka kalle shi da 'yan gidanmu, ana fara fim ɗin ba a jima ba sai ga rubutu ya fito a ƙasa wai dajin Sambisa, Najeriya, ga motoci cikin dare ɗauke da 'yan mata da aka sace, sai ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya buɗe baki ya ce "wallahi". Falon ya yi tsit, ƙanwata ta ce "Yaya mayar baya, mayar baya", sau uku muna mayarwa. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, akwai daɗin jin kalmar da kake furtawa kullum a fim ɗin da duk duniya ke kallo, akwai kuma ɗacin cewa da wannan aka san mu, a bakin mugu aka sa kalmar, kuma lokacin raunin Chibok na 2014 bai warke ba. Ryan Coogler ne ya ba da umarni, marigayi Chadwick Boseman ne sarkin, ya rasu a 2020 yana da shekara 43 bayan ya yi fama da kansar hanji a ɓoye alhali yana ta aiki. Fim ɗin ya ci Oscar uku kuma ya shiga takarar fim mafi kyau na shekara, abin da fim ɗin jarumai bai taɓa yi ba kafin shi. Kuma bos ɗin ciki, Killmonger, irin bos ɗin nan ne da za ka kama kanka kana cewa ai yaron nan yana da gaskiya, hanyarsa ce kawai ba ta da kyau. Civil War ma a Legas aka ce ya buɗe, kodayake a Atlanta aka ɗauka, duk wanda ya taɓa taka Legas zai gane.

Maganar dariya kuwa Marvel ta yi wa DC nisa, in dai abin da kake nema kenan bayan wahalar yini. Guardians of the Galaxy da Thor Ragnarok na 2017 kusan fina-finan barkwanci ne da aka sa wa rigar yaƙi. Amma akwai abu biyu da na lura. Na farko yawancin barkwancin na baki ne, habaici da baƙar magana cikin Turanci mai sauri, wani lokacin ma sai ka san wata tsohuwar waƙa ko wani shirin talabijin na Amurka kafin ka gane, don haka in Turancinka bai nuna ba rabin dariyar za ta wuce ka, kuma in fassarar Hausa ka samu toh dariyar mai fassara za ka yi ba ta fim ɗin ba, wanda shi ma wani daɗin ne daban. Na biyu kuma shi ya fi damuna, sun saba da cewa duk lokacin da abu ya yi nauyi sai an jefo wasa an sauke shi. Mutum ya rasa uwa ko ya rasa garinsu gaba ɗaya, kana shirin tausaya masa sai wani ya yi zolaya. A Thor Love and Thunder na 2022 abin ya wuce gona da iri, labarin mace mai fama da kansa ne da uban da 'yarsa ta mutu a hannunsa, amma an cika shi da shirme har na kasa gane ko so suke in yi kuka ko in yi dariya. Raina ya ɓaci sosai da fim ɗin nan don kayan labari mai kyau ne aka wulaƙanta.

Kuma gaskiya tun bayan 2019 adashin ya rikice. Sun ƙaro shirye-shirye masu dogon zango a Disney+, su WandaVision da Loki da sauransu, ya zama kafin ka gane fim ɗaya sai ka kalli zango biyu na wani shiri, ga labarin duniyoyi barkatai inda wanda ya mutu a nan yana raye a can, toh in mutuwa ba ta da nauyi me zai sa gabana ya faɗi? Sabon bos ɗin da suka gina komai a kansa, Kang, ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa kotu ta same shi da laifi a ƙarshen 2023 suka sallame shi, gini ya tsaya a rabi. A shekarar ne kuma The Marvels ya zama fim ɗinsu mafi ƙarancin ciniki, ɗan sama da dala miliyan 200 kawai. Akwai masu kyau a tsakani, Spider-Man No Way Home na 2021 da Guardians na uku, ban hana ba.

DC kuma cinikin hannu da hannu ne, ka biya ka ɗauki kayanka ka tafi, in ka yi sa'a ka samu abin da ba za ka manta ba har abada, in ba ka yi ba ka yi asarar awa biyu da rabi. Su ma sun gwada nasu adashin ai, daga Man of Steel a 2013 wanda Zack Snyder ya ba da umarni, Henry Cavill ya fito a Superman, amma gaggawa ta kashe su, Marvel ta yi fim biyar kafin ta tara jarumanta su kuwa a fim na biyu aka haɗa Batman da Superman faɗa ga Wonder Woman ta faɗo ga hotunan wasu ana leƙo da su. Justice League na 2017 Snyder ya bar aikin bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya ƙarasa, fim ɗin ya fito kamar riga da teloli biyu suka ɗinka kowa da nasa awon. Sai a 2021 bayan magoya baya sun yi ta matsa lamba a intanet aka saki na Snyder ɗin mai awa huɗu, ya fi na farko nesa ba kusa ba amma awa huɗu fa. Har fim suka taɓa kusan gamawa, Batgirl, an kashe masa wajen dala miliyan 90, a 2022 shugabannin kamfanin suka ce ba za a sake shi ba kwata-kwata, ka tuna mutanen da suka yi watanni suna wahala a kai. Cavill kansa a watan Oktoban 2022 ya sanar ya dawo matsayin Superman, Disamba na yi aka ce masa a'a. Wannan ɓangaren na DC ban ba kowa shawarar ya bi shi a jere ba, Wonder Woman na 2017 da Aquaman da Shazam za ka iya ɗauka ɗai-ɗai, Shazam ɗin ma akwai dariya mai tsabta, yaro ne ɗan shekara 14 a jikin ƙato.

Amma fa DC ke da The Dark Knight. A waya na fara kallonsa, an ɗauke wuta, zafi ya hana barci na fito tsakar gida na shimfiɗa tabarma na sa iyafis, cajina bai kai rabi ba ina ta addu'a ya kai ni ƙarshe. Tun daga fashin bankin da aka buɗe da shi, inda 'yan fashin ke kashe junansu ɗaya bayan ɗaya kowa na ganin shi ne mai wayo, ban ƙara jin cizon sauro ba. Christopher Nolan ne ya yi shi a 2008, shekara ɗaya da Iron Man, shi ne na tsakiya cikin uku, Batman Begins na 2005 na gabansa The Dark Knight Rises na 2012 na bayansa. Batman ɗin nan ba shi da wani ƙarfi daga sama, kuɗi ne da horo da taurin kai, kuma Joker ɗin da Heath Ledger ya yi ba mulkin duniya yake nema ba, akwai inda ya tara kuɗi tsibi guda ya cinna musu wuta, shi burinsa ya nuna cewa mutumin kirki ma in aka matse shi zai zama dabba. Wurin jiragen ruwa biyun nan, ɗaya cike da fursunoni ɗaya cike da mutanen gari, kowanne an ba shi abin tayar da bam ɗin ɗayan, na tsayar da fim ɗin na zauna ina tambayar kaina ni da ina ciki da me zan yi, kuma amsar da na ba kaina ba ta yi min daɗi ba. Ko babbar motar da aka kifar a tsakiyar titi da gaske aka kifar da ita a Chicago ba aikin kwamfuta ba ne, shi ya sa har yau in ka kalla ba ya tsufa. Ledger ya rasu a Janairun 2008 kafin fim ɗin ya fito, aka ba shi Oscar bayan ransa. A duk fina-finan Marvel talatin da ɗoriya babu wanda ya zauna min a rai kamar wannan guda ɗayan, kuma ba ka buƙatar kallon komai kafin shi, ko Batman Begins ɗin ma in babu za ka gane.

Joker na 2019 shi ma shi kaɗai yake tsaye, Joaquin Phoenix ya ci Oscar da shi kuma ya haura dala biliyan ɗaya, amma fim ne mai nauyi a kan talauci da taɓin hankali da yadda gari ke taka mara ƙarfi, ba na yara ba ne, ban sa wa ƙanina ba. Na biyunsa na 2024 mai waƙe-waƙe kar ka ɓata datarka. The Batman na 2022 bincike ne irin na ɗan sanda, yana da kyau ƙwarai, sai dai kusan awa uku ne kuma hotonsa duhu ne sosai, a ƙaramar waya da rana fuskarka kawai za ka riƙa gani a gilashi, sai dare ko a talabijin. Wannan ma abin dubawa ne, fina-finan Marvel masu haske ne ko a wayar dubu talatin za su fito.

Sannan ka duba da wa za ka kalla. In falo ne da ƙanne da Umma tana shigowa tana fita, yawancin na Marvel za su wuce da ɗan riƙe rimot a hannu saboda wuri ɗaya ko biyu, ban da Deadpool, wannan ko na 2024 da ya haɗu da Wolverine ya tara dala biliyan 1.3 ashar ne da jini da maganganun banza daga farko har ƙarshe, kar sunan Marvel ya ruɗe ka. A DC ma The Suicide Squad na 2021 haka yake.

Abin da ya sa ban rufe ƙofar DC ba a maganar gaba shi ne James Gunn. Mutumin nan shi ya yi wa Marvel Guardians, Disney ta kore shi a 2018 kan wasu tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter, ta dawo da shi daga baya, sai ga shi a ƙarshen 2022 an ba shi ragamar DC shi da Peter Safran su sake sabon lale. Superman ɗinsa na 2025 da David Corenswet na ji daɗinsa har zuciya, jarumi ne mai tausayi da ake doke shi ya tashi, ga karensa mai rashin ji da yara za su so, kuma yanzu aka fara zubin, wanda ya shiga yau bai makara ba. Marvel kuwa ta koma ta ɗauko Robert Downey Jr, wannan karon a matsayin bos Doctor Doom a Avengers Doomsday da aka sa wa ƙarshen 2026, ni dai ina ganin alamar sun rasa sabon da zai riƙe gidan ne, ina fatan su ba ni kunya don ina son gidan.

Don haka da daren na ce masa, in da mako ɗaya gare ka ko kuma fim uku kawai za ka iya ɗauka, da Batman ɗin Nolan zan ba ka in rufe bakina. Amma kai wata uku gare ka a gida, kuma so kake in abokanka na musu ka sa baki, kuma na san da su Ummi za ka kalla, toh Marvel za ka bi daga Iron Man zuwa Endgame ka tsaya nan. Washegari na je wajen mai tura fim a bakin kasuwa, na tsaya a kansa sai da ya buɗe min kowanne na gani da idona, don an taɓa zuba min wanda aka ɗauka da waya a cikin sinima kawunan mutane na wucewa. Guda sha ɗaya na Marvel suka shiga, na sa ya jera su da lamba kar yaron ya fara daga tsakiya, sai Superman na 2025, sannan uku na Nolan a wata folda daban na ce kar ya taɓa su sai dare in kowa ya kwanta. Jiya da safe na same shi yana shara idonsa jawur, na ce lafiya, ya ce "Yaya, ni fa foldar ƙasan na fara buɗewa, wai da kai ne a jirgin nan za ka danna?"